A Tura Ɗaliban Kiwonmu Mongoliya, Amma A Tura Su Da Shiri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da shugabannin manyan makarantunmu na Zamfara, tun daga Jami'ar Tarayya ta Gusau har ta Jiha da ke Talata Mafara da Kwalejin Noma ta Bakura, da kuma iyayen ɗalibai. Mu malaman kiwo ne da likitocin dabbobi, kuma shawara ce muke tafe da ita.

Duk lokacin da aka ce ɗalibi zai fita waje, hankali Ingila yake tafiya, ko Malesiya, ko Indiya. Mai karatun kiwo idan ya je Turai zai ga saniya a cikin ɗaki, inji na tatsar ta, abinci na iske ta har inda take tsaye. Ilimi ne, ba mu musa ba, sai dai ba shi ne kiwon da ake yi a Dansadau da Zurmi da Maradun ba. Ƙasar da ta fi dacewa yaranmu su gani ita ce Mongoliya, wadda ke tsakanin Rasha da Sin. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.5 da ɗoriya, wato ta ɗara Najeriya nesa ba kusa ba, amma mutanenta kimanin miliyan uku da rabi ne kacal. A ƙidayar 2022 dabbobinsu sun kai miliyan 71, kusan dabba ashirin ga kowane mutum guda. Iri biyar suke kiwo: dawaki, shanu, raƙuma masu tozo biyu, tumaki da awaki. Har gobe makiyayinsu yana tashi da iyalinsa da ɗakinsa ya bi ciyawa, kuma tsarin mulkinsu na 1992 ya hana a mallaka wa mutum ɗaya filin kiwo. Su ne suka kai ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2026 a matsayin shekarar makiyaya da filayen kiwo. Mu kuma a 2024 ne aka kafa mana ma'aikatar kiwo ta tarayya, kuma ma'aikata ba ta aiki sai da mutanen da suka ga yadda ake yi a wani wuri.

Abin da muke nufi shi ne zangon karatu guda, mako 15 ko 16, wanda ɗalibi zai yi rabinsa a daji cikin gidajen makiyaya. Ba mu muka ƙago tsarin ba. Wata makarantar Amurka mai suna SIT ta yi shekaru tana kai ɗalibai Mongoliya a kan haka: darasin harshe, zama a gidajen mutane a birni da karkara, sannan makonnin ƙarshe kowa ya yi binciken kansa. A wajenmu gurbin ma yana nan a buɗe, domin ɗaliban digirin noma suna da shekarar aikin gona a aji huɗu. Abokin hulɗa a can shi ne jami'arsu ta noma da ke unguwar Zaisan a babban birnin, Ulanbatar, ko kuma Jami'ar Ƙasa wadda aka kafa a 1942.

Kuskure na farko da za a iya yi shi ne na lokaci. Shekarar karatunsu tana farawa ranar 1 ga Satumba, zango na biyu kuma a Fabrairu. Rukunin farko kada ya kuskura ya je a zango na biyu. A Fabrairu sanyi bai saki ba, Maris da Afrilu kuma lokacin iska ne da ƙura, dabbobi sun rame, tumaki na haihuwa dare da rana, maigida ba shi da sukunin baƙo. Ga wanda ya riga ya san ƙasar, musamman ɗalibin likitancin dabbobi, wannan lokacin yana da daraja, saboda a nan ake ganin haihuwa da tsefe laushin gashin awaki. Amma yaron da bai taɓa ganin sanyin da ya wuce hunturun Gusau ba, a bar shi ya sauka a ƙarshen Agusta, sanyin ya riƙa shigarsa kaɗan-kaɗan. A Satumba rana tana da daɗi, dare kan kusanci sifili. A Oktoba dare ya faɗa ƙasa da sifili. A Nuwamba ana kwana da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da sifili, a Disamba ya doshi 25 ko 30. Don haka a gama yawon daji mai nisa kafin Oktoba ta ƙare, a dawo gida kafin tsakiyar Disamba.

Rabon makonnin da muke ganin ya dace: biyu na farko a Ulanbatar don harshe da sayen tufafi da rajistar shige da fice, uku a tsakiyar ƙasar, lardin Arkhangai ko Ubur Khangai, inda ake da ciyawa da dawaki da shanun dutse masu dogon gashi da ake kira yak, kwana goma a hamadar Gobi wajen masu raƙuma da awaki, biyu a Bayan Ulgi, can ƙuryar yamma, sauran kuma na lacca da binciken ɗalibi. A kan hanyar tsakiyar ƙasar akwai Kharkhorin, kimanin kilomita 360 daga babban birni, inda fadar zuriyar Cingis Khan, wanda ya kafa daular Mongol, ta zauna a ƙarni na 13. Ɗalibanmu sun san waɗannan mutane ne kawai da rushe Bagadaza a 1258, to ya kamata su ji cewa wani matafiyi Bature da ya isa garin a 1254 ya rubuta cewa ya tarar da masallatai biyu a ciki.

Kada rukuni ya wuce mutum goma ko sha biyu, da malami namiji da malama mace. Kada kuma a zuba su gida ɗaya. Idan aka tara Hausawa biyar a ɗaki guda, hira za su yi da Hausa har su dawo. Biyu-biyu za a raba su, gidajen kuma su kasance kusa da juna yadda tafinta zai iya zaga su a kan babur. Makiyayan suna zama ne gida biyu zuwa biyar a wuri ɗaya, kamar ƙaramar ruga, don haka wannan ba shi da wuya. Ta hannun hukumar gunduma ake neman gidajen, a kuma yanke abin da za a biya kowane gida a kullum tun kafin a iso.

Ɗakin da za su zauna sunansa ger, kuma dole a koya wa ɗalibi shi tun daga Gusau kamar yadda ake koyon sassan jikin saniya. Kewayayye ne. Bangonsa saƙar itace ce mai naɗewa, galibi ɓangare biyar ake haɗawa. A tsakiya ginshiƙai biyu suna riƙe da wani zoben katako, daga zoben sanduna suka sauko kan bango, aka lulluɓe duka da bargon gashin tumaki da aka danne ya yi kauri, aka ɗaure da igiya. Iyali kan kafa shi cikin awa ɗaya ko biyu. Murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi yana tsakiya, makamashinsa kandilo ne, kuma tsintar kandilo na daga cikin aikin da za a fara ba baƙo. Ƙofa kudu take kallo. Idan ka shiga, hagunka wato yamma shi ne ɓangaren maza da baƙi, dama na uwargida ne da tukwanenta, ƙurya kuma ta dattawa ce da abubuwan da suke girmamawa. Ba a taka dokin ƙofa. Ba a jingina da ginshiƙi, ba a ratsa tsakanin ginshiƙan biyu, ba a miƙa kaya ta tsakaninsu. Ba a jefa shara a wuta, ba a miƙe ƙafa wajen ƙurya, ba a yin fito a ciki. Ana karɓar abu da hannun dama, hagu na tallafe da gwiwar hannu, wannan kam yaranmu sun iya shi tun daga gida. Wanda ya iso gida ba ya sauka daga mota sai ya ɗaga murya ya ce a riƙe kare, domin karnukan manya ne kuma ba a ɗaure suke ba. Gaisuwarsu za ta yi wa Bazamfare daɗi: bayan “sain baina uu”, sai a tambayi ko dabbobi sun yi ƙiba, kamar yadda muke tambayar Bafulatani yaya shanu.

Ger ɗaki ɗaya ne, kowa a nan yake kwana, kuma sau da yawa babu makewayi sai bayan tudu. Ga ɗalibai mata, a sa a cikin yarjejeniya cewa za a kafa musu ƙaramin ger nasu kusa da na uwargida. Wanda bai tanadi wannan ba, kada ya ce wa iyaye su ba da 'ya'yansu.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi a wajen iyaye, wato abinci. Yawancin mutanen Mongoliya mabiya addinin Buda ne, kuma yankansu ba namu ba ne. Suna kwantar da tunkiya rigingine, su tsaga ƙasan ƙirjinta kaɗan, mutum ya zura hannu ya tsinke babbar jijiyar jini daga ciki. Jinin ya taru a ciki, su kwashe shi su dafa a cikin hanji, domin a al'adarsu ba a zubar da jini a ƙasa. Wannan nama bai halatta ga Musulmi ba, kuma kusan duk girkinsu da nama ne: buuz, wato ƙullin fulawa da nama a ciki da ake turarawa, khushur wanda ake soyawa, tsuiban mai taliya, har shayi wani lokaci akan jefa masa kitse. Ɗalibin da ba a shirya masa ba, ɗayan biyu ne, ko ya ci abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, ko ya yi mako uku a kan biskit ya dawo a rame yana tsine wa tafiyar. Maganin abu ne mai sauƙi in an faɗe shi da wuri. A sayi tunkiya mai rai daga hannun maigida, ɗalibi ya yanka da kansa can nesa da ger, a tara jinin a kwano kada ya taɓa ƙasa, a bar wa masu gida su yi yadda suka saba da shi. Maigida ya samu ciniki, uwargida ta samu naman girki, kowa ya ci daga tukunya ɗaya. A Satumba sai an yanyanka naman an shanya, daga Nuwamba kuwa waje ma firiza ne. Kuɗin tumakin nan a sa shi a kasafi tun farko.

Abincin madara, wanda suke kira farin abinci, yawancinsa babu matsala: shayin madara mai gishiri, kindirmo, kakkauran saman madara da ake kira urum, da arul, busasshen cuku mai tauri da ya yi kama da na Buzaye. Biyu ne za a kiyaye. Ɗaya airag, nonon goɗiya da aka bari ya yi tsami har ya ɗauki ɗan maye, kuma shi ne abin da ake fara miƙa wa baƙo a tsakiyar ƙasar har zuwa Oktoba. Na biyu wata barasa mai kama da ruwa da suke dafawa daga nono. Ƙin karɓar kwano kai tsaye cin fuska ne a wajensu, don haka tafinta ya yi wa maigida bayani tun ranar farko, ya ce addinin yaran ne ya hana, a miƙa musu shayi a madadinsa. Mutane ne masu girmama wanda ya riƙe addininsa. Haka idan direba ya tsaya a tarin duwatsun da ake kira obo ya zaga shi sau uku, ɗalibi ya tsaya gefe cikin ladabi, ba zagawa, ba kuma tsokaci.

Dalilin sa Bayan Ulgi cikin tafiyar ke nan. Mutanen lardin Kazakawa ne, Musulmi, suna yanka irin namu, akwai masallatai, ɗalibi zai samu Juma'a. Ya yi nisa, domin ta mota ya fi kwana guda cur daga babban birni, shi ya sa jirgin cikin gida ya fi. Amma a nan ma akwai abin lura: naman doki abinci ne mai daraja a wajensu, shi ake ajiye wa babban baƙo, alhali a mazhabarmu ta Malikiyya mashahurin zance shi ne hani. Gara a zauna da malamin fiƙihu a gida a warware wannan, da a bar yaro yana ta zufa a gaban akushi.

Shi wannan malamin ya kuma bi da su ta babin tsarki. Ruwa a daji ɗebo shi ake yi daga rijiya ko rafi mai nisa, in sanyi ya kama kuma ƙanƙara ake narkarwa. Wanda ya yi alwala ya fita da jiƙaƙƙen hannu a digiri 20 ƙasa da sifili yana iya rasa yatsa. A yi alwala a ciki da ruwan ɗumi, a goge jiki sarai. Kowa ya tafi da huffi na fata, a kuma maimaita musu sharuɗɗan shafa da na taimama. Alƙibla a can yamma take, saɓanin mu da muke kallon gabas. A Ulanbatar kusan yamma ce sak, a Bayan Ulgi ta ɗan karkata kudu. In ka tsaya a ƙofar ger kana kallon waje, alƙibla tana damanka. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas da rabi, ta faɗi wajen biyar, Azahar da La'asar da Magariba su matso kusa da juna, don haka a tsara lacca da sanin haka.

Batun lafiya kuma, akwai wanda bai kamata ya je ba ko da ya fi kowa maki. Mai sikila yana sahun farko, domin sanyi da ƙarancin ruwan jiki su ne ke tayar da ciwon, ga shi Ulanbatar tana kan tudu mai tsayin mita 1,300 da wani abu. Mai asma shi ma a duba shi da kyau, saboda daga Nuwamba hayaƙin kwal na unguwannin gefen birnin yana rufe sama, ko da yake tun 2019 an hana ƙona ɗanyen kwal. A ɗakunan ger da ake hura kwal ba a toshe bututun murhu a kwanta, iskar da ke fita daga garwashin tana kisa shiru kamar ta janareta. Sai zazzaɓin cizon sauro. Babu shi a Mongoliya, kuma wannan ne haɗarin: yaro zai iya tafiya da shi a jini, ya tashi masa a daji, ma'aikacin asibitin gunduma bai taɓa ganinsa ba. A gwada kowa kafin tashi, malami ya riƙe kayan gwajin gaggawa da cikakken magani na mutum uku ko huɗu. Bakkale, ciwon da ke sa dabba ɓari, yana nan a dabbobinsu kuma yana kama mutum, don haka ba ɗanyar madara, ba taɓa mahaifa ko ɓarin tunkiya da hannu tsirara. Allurar haukan kare a yi ta tun a gida. Akwai wata dabbar rami mai kama da gafiya amma ta fi ta girma, tarbaga, wadda ke ɗauke da annoba, kuma a 2019 wasu miji da mata sun mutu a Bayan Ulgi bayan sun ci ɗanyenta. Ba ci, ba fiɗa, ba taɓawa. Inshorar lafiya kuma ta zama wadda ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga daji.

Raunin da ya fi yawa daga doki yake zuwa. Dokin Mongoliya gajere ne, amma a sake yake rayuwa, ba irin na hawan Sallah ba ne da ya saba da kalangu da jama'a. Ta hagu kaɗai ake hawansa. Ƙarar leda ko riga mai kaɗawa a iska tana firgita shi, saboda haka babbar riga da mayafi mai yawo a ajiye su. Sirdinsu na katako ne, yana cin cinya. Tsinin ƙafa kawai ake sa wa a likkafa, takalmin kuma ya zama mai santsin ƙasa, domin mafi munin faɗuwa ita ce wadda ƙafa ta maƙale doki ya ja mutum. Kwalkwali dole ne, ko da yaran gidan ba sa sawa.

Tufafi kada a saya a Najeriya, sai na ciki. Hawa uku ake sawa: na jikin fata ya zama ulu ko irin yadin 'yan wasa, ban da auduga, domin auduga tana riƙe zufa ta daskare a jiki; na tsakiya mai kauri; na waje mai tare iska. Doguwar rigarsu mai ɗamara, del, da takalmin gashin tumaki ana samunsu a kasuwar Narantul, kuma sun fi duk abin da za a ɗauko daga nan. Batirin waya yana mutuwa nan take a sanyi, a riƙa ajiye ta a aljihun ciki. Soket ɗinsu mai baki biyu ne zagayayyu, a tafi da mahaɗi. Agogonsu yana gaba da namu da awa bakwai, na yammacin ƙasar da awa shida, iyaye su san lokacin kira.

To me za su koyo da ya cancanci wannan ɗawainiya? Na farko, lissafin abin da fili zai iya ɗauka. Su Mongol suna mayar da kowace dabba zuwa ma'aunin tunkiya: doki tunkiya 7 ne, saniya 6, raƙumi 5, akuya 0.9. Gida mai tumaki 300, awaki 250, shanu 40 da dawaki 30 yana da bakin tunkiya 975 ke nan. Sannan duk ƙarshen damina hukumarsu ta yanayi tana auna ciyawa a ɗaruruwan wurare a faɗin ƙasar, a fitar da taswirar inda dabbobi suka fi ƙarfin fili kafin hunturu. Aikin ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ana aza firam mai murabba'in mita ɗaya, a yanke ciyawar ciki, a busar, a auna, giram nawa aka samu a ninka sau goma, ya ba da kilo a hekta. Duk Disamba kuma ana ƙidaya dabbobin ƙasar gida-gida. A ce yau an tambaye mu shanu nawa dajin kiwo na Zamfara zai iya ɗauka a watan Afrilu, wa ke da amsa a rubuce? Dokar keɓe dazukan kiwo ta Arewa tun 1965 take, amma awon da ya kamata ya bi ta shi ne muka yi sakaci da shi.

Na biyu shi ne zud, wato hunturun da ke kashe dabbobi. Yana zuwa ne idan damina ta yi ƙaranci, dabba ta shiga sanyi ba kitse, sannan dusar ƙanƙara ta binne ciyawa, ko ta narke ta sake daskarewa ta zama faranti da kofato ba ya iya fasawa, ko kuma ba ta sauka sam dabba ta rasa abin lasa. Tsakanin 1999 da 2002 ya kashe fiye da dabba miliyan 10, ya dawo a 2009 zuwa 2010, a hunturun 2023 zuwa 2024 kuma ya ɗauke sama da miliyan 7. Zud ɗinsu shi ne bazararmu, lokacin da saniya ke faɗuwa sai an ɗaga ta da wutsiya. Ɗalibin da ya zauna da su a Satumba zai ga shirin da idonsa: yankan ingirici da tara shi, tafiya da garke wuri mai nisa don ya yi kitse wadda suke kira otor, gyaran garken hunturu a gindin dutse mai tare iska, da ware dabbobin da ba za su kai bazara ba a yanka su ko a sayar a ƙarshen Nuwamba tun suna da nama. Zai kuma tarar da inshorar dabbobi da aka fara sayarwa a 2006 da tallafin Bankin Duniya, wadda ba ta bin gida-gida tana ƙirga mushe. Idan mace-macen gunduma gaba ɗaya ya wuce kason da aka yanke, duk mai takarda a gundumar ana biyansa.

Ba duk abin da ke can ne abin koyi ba, kuma ɗalibi ya kamata ya ga inda suka yi tuntuɓe. A 1990 dabbobinsu kimanin miliyan 26 ne. Da aka rushe ƙungiyoyin kiwon gwamnati aka raba wa mutane dabbobi, sai kowa ya shiga tara awaki saboda kuɗin laushin gashinsu, kashmiya, wanda Sin ce kaɗai ta fi su samarwa. Fili na kowa ne, garke na mutum ɗaya ne, yau fiye da rabin makiyayarsu ta lalace ko ta fara. A 2021 suka dawo da harajin kan dabba, irin jangalin da, kuɗin yana zama a gunduma. Ko ya rage yawan garke ko bai rage ba, tambaya ce mai kyau ga binciken ɗalibi. Akwai kuma wadda ta shafe mu kai tsaye. Da yawa daga masu haƙar zinariya da hannu a can, waɗanda ake yi wa laƙabi da ninja, makiyaya ne da zud ya raba da dabbobinsu. Gwamnati ta hana amfani da sinadarin makuri wajen tace zinariya a 2008, daga baya ta ba su damar yin rajista a ƙungiyance. Jihar da ta rasa yara sama da 400 ga gubar dalma a Anka da Bukkuyum a 2010 tana da dalilin tura ɗalibi ko ɗaya ya je ya ga wannan. Wani kuma ya duba makarantun kwana na hedikwatar gunduma, inda 'ya'yan makiyaya ke zama lokacin karatu iyaye na daji, ya auna su da makarantun 'ya'yan makiyaya da muke da su a nan gida.

Sai dai malamin da ke jagora ya riƙa tuna musu bambanci ɗaya. Ƙasar noma a Mongoliya ba ta taka kara ta karya ba, kuma mutum biyu ne a murabba'in kilomita. Makiyayinsu zai yi tafiyar yini bai ga gonar gero ba. Rikicin burtali da mashaya da ɓarnar gona, wanda ya kai mu inda muke, ba a can za a samo maganinsa ba. Abin ɗaukowa shi ne awo, ƙidaya, tanadin ciyawa, inshora, da kuma ganin ƙasar da ɗan makiyayi ke zama likita ko minista ba tare da ya ɓoye asalinsa ba. Saboda haka muna ba da shawarar a sa 'ya'yan Fulani makiyaya aƙalla uku ko huɗu a kowane rukuni. Su ne za su fi saurin gane abin da suke gani, su ne kuma za a saurara a ruga in sun dawo.

Game da takardu, babu jirgi kai tsaye. Hanya mafi sauƙi ita ce Abuja zuwa Istanbul zuwa Ulanbatar, sabon filin jirginsu kuma yana da nisan kilomita 50 daga gari, a tanadi mai tarba. Mongoliya ba ta da ofishin jakadanci a Najeriya, bizar ɗalibi kuma tana farawa ne da takardar gayyata daga jami'ar can, don haka a ba ta watanni. Harshensu da haruffan Rasha ake rubuta shi, guda 35, kuma ɗalibi zai iya haddace su cikin mako biyu kafin tafiya, ya iya karanta allon hanya da sunan magani. Abin da ya fi lalata irin wannan shiri ba ya faruwa a can, a nan gida yake faruwa: yaro ya dawo a ce kwasa-kwasan da ya yi ba su cikin manhaja, ya maimaita shekara. Majalisar malaman jami'a ta amince a rubuce da wane kwas zai maye gurbin wane, da yawan yunit, kafin a sayi tikiti ko ɗaya. Kuɗin tafiya kuma a saka shi gaba ɗaya a asusun da aka ware tun kafin tashi, kada a ce za a riƙa turawa wata-wata.

In ana son rukunin farko ya sauka a ƙarshen Agusta, to wasiƙar neman yarjejeniya ta bar teburin shugaban jami'a a watan Janairu, a zaɓi ɗalibai a Maris, malamai biyu kuma su riga su zuwa a Yuni ko Yuli su ga gidajen da idonsu.

Wassalam.

Daga wasu malaman kiwo da likitocin dabbobi,
Gusau, Jihar Zamfara.